Yadda Na Gai da Alƙali a Madina Har Lokacina Ya Ƙare

Tun da na dawo ba a bar ni na sha ko kunu cikin natsuwa ba. A bakin famfo a tare ni, a layin abinci a tare ni, jiya har ta bayan ƙofar bayi wani ɗan aji ɗaya yake ƙwala min kira: "Yaya Lasifika, wai da gaske an kada ku a Saudiyya?" To na gaji. Ga shi na rubuta, kowa ya karanta ya bar ni na huta.

Bari in fara da abin kunyar, tunda na san abokina Nura ya riga ya baza shi. Eh, gaskiya ne, tun daga filin jirgin Kano na ɗaura harami. Na taɓa ganin hoton kawuna a filin jirgi da fararen mayafai biyu, sai na ɗauka duk mai zuwa Saudiyya haka yake shiga. Da Malam Lawal ya tafi karɓo mana takardu, na faɗa banɗaki na tuɓe, na cusa kayana a akwati, na miƙa akwatin wurin awo ya wuce. Nura yana tsaye yana kallona, bai ce uffan ba. Ku shaida irin abokin da Allah ya haɗa ni da shi.

Malam ya dawo, ya dube ni daga sama har ƙasa.

"Kabiru, Madina za mu sauka. Wa ya ce maka da harami ake shiga Madina?"

"Allah gafarta Malam, na ga kamar..."

"Ka yi niyya?"

"Wace niyya?"

"Alhamdu lillahi," in ji shi. "Jahilcinka ya cece ka."

Sanyin cikin jirgin nan kuwa, ko kifi aka ajiye zai yi wata bai lalace ba. Wata Hajiya 'yar Gusau ce ta tausaya min ta ba ni bargonta, tana kirana Alhaji ƙarami har muka sauka.

Ga wanda bai san mu ba: makarantarmu sakandaren Larabci ce a Funtuwa, kuma muna da kulob ɗin muhawara da Malam Lawal ya kafa tun kafin a yaye ni. Wata ƙungiya ce ta gayyaci makarantu daga ƙasashe daban-daban gasar muhawara da Larabci, ta ɗauki nauyin ɗalibai biyu da malami ɗaya. Aka zaɓe ni saboda bakina, aka zaɓi Nura saboda kansa. Ƙudurin da za a yi ta kai-kawo a kai guda ɗaya ne: gwamnati ta hana ɗalibai zuwa makaranta da waya. Yau a ce ka goyi baya, gobe a ce ka soka.

Sai dai akwai abin da ba kowa ya sani ba. Firinsifal ya daɗe da sa wa ɗakin kulob ɗinmu ido, yana so ya mai da shi sito. Ranar da muka je sallama, a gabanmu ya ce wa Malam, "Shekara da shekaru kana tara yara suna surutu. To ga dama ta samu. In kun ciyo ko zagaye ɗaya, na bar muku ɗakinku. In kun dawo hannu rabbana, a rufe kulob, siminti ya shiga." Malam ya yi murmushi kawai. Amma a mota, tun daga Malumfashi har Gwarzo, carbi kawai yake ja. Ni kuwa na ce masa kada ya damu, kofin ma a cinyata zan riƙo shi.

A filin jirgin Madina jami'in da ke duba fasfo ya kalli haramina, ya kalli abokin aikinsa, suka yi wata magana da sauri wadda ba ta cikin littafin nahawunmu. Nan na fara gane cewa Larabcin da muka sha bulala a kansa da wanda ake yi a titi, gaisuwa kawai ke haɗa su. Aka ce in ɗora yatsu a kan wani gilashi, na'ura ta ƙi karanta su saboda sanyi ya busar da su. Sai da na hura musu iska kamar mai gasa masara.

A unguwar Aziziyya aka sauke mu, a wani bene da ke saman shagunan gyaran waya. Ƙasa da mu akwai gidan abincin wani mutum, Baba Adamu, Bahaushen Sudan. Da ya ji muna Hausa sai ya saki ludayi ya fito: "Ya salam! 'Yan gida! Yalla ku zauna, mafi kuɗi yau, ba mai biyan ko sisi." Hausarsa kamar dambu ce, rabi tsaki rabi zogale, Larabci ya shiga ko'ina. Ya kawo mana wake da aka dama da man zaitun, da wani burodi mai faɗin faifai. Na tambaye shi ina cokali, ya nuna min burodin. Na tambaye shi ina yaji, ya dafa ƙirji ya ce shekara nawa ke nan ba wanda ya yi masa wannan tambayar mai daɗi, ya shiga ciki ya ɗauko nasa na kansa.

Washegari aka fara gasa a wata makaranta mai kama da asibitin kuɗi. Zagaye huɗu kowa zai yi, kowane zagaye da alƙalinsa.

Yanzu ku tuna yadda muke yi a gida. Ka fito da hula a karkace, ka gai da shugaban taro, ka gai da alƙalai masu adalci, ka gai da mai duba lokaci wanda agogonsa ba ya ƙarya, ka gai da abokan karawa, ka gai da 'yan kallo maza da mata. Ka kawo karin magana, ka buga tebur, a yi tafi, alƙalai su ba ka maki. Da wannan na cinye makarantu har Katsina.

Alƙalinmu na farko matashi ne baƙi, dogo, cikin farar jallabiya, ya shimfiɗa dogayen takardu a gabansa da biro kala biyu. Kafin a fara ya yi wani ɗan bayani, ya ce ko akwai tambaya. Ban ji ko kalma ɗaya ba, ina gyaran hula a gilashin taga. Na ɗauka irin jawabin nan ne na manya da ake jira ya wuce.

Na miƙe. Jama'a, ban taɓa gaisuwa irin ta ranar nan ba. Na gai da alƙali da baiti biyu. Na gai da mai lokaci. 'Yan kallo mutum uku ne har da Malam, amma na gaishe su kamar filin Idi. Na gai da mutanen Madina na da da na yanzu. Ina cikin cewa "to yanzu bari mu shiga magana" sai na ji ƙararrawa, ƙirrr.

Yaran da muka kara da su 'yan Indunisiya ne, ƙanana kamar a saka su a aljihu. Ba su gai da kowa ba. Na farkonsu ya tashi ya ce hujja ta ɗaya, hujja ta biyu, hujja ta uku, kamar mai kiran sunaye a aji. Alƙali sai rubutu yake, kansa a ƙasa. Nura ya yi iya yinsa ya toshe ɓarakar, amma ina.

Da aka gama, alƙalin ya ɗaga takardarsa ya nuna mana. Layin yaran cike da rubutu. Layina fari fat.

"Na faɗa tun farko," in ji shi da Larabci a hankali, "abin da na rubuta da shi nake hukunci, kuma hujjar da ba a amsa ba na ɗauka an yarda da ita. Ban sami abin rubutawa a wurinka ba. Amma na gode da gaisuwa, ta yi kyau ƙwarai."

Na fito na ce wa Nura, "Shi ke nan, na gano su. Mutanen nan sauri suke so."

"Kabiru, ka dai saurari..."

"Mutumina, bar ni da su."

Zagaye na biyu na tsaya a waje ina gwajin numfashi har aka kusa farawa, don haka bayanin wannan alƙalin ma ya wuce ni. Tsoho ne, tsohon shugaban makaranta, da sandarsa da butar gahawarsa. Na tashi ko sallama babu, na saki hujjoji kamar injin markaɗe. Ni kaina ban san me nake cewa ba, amma na san da yawa ne. Can na ɗaga ido na ga tsohon ya ajiye biro, ya cire tabarau, ya zuba gahawa yana kurɓa yana kallon taga.

Da na zauna ina haki sai ya ce, "Ya waladi, ɗana, wa ya biyo ka?"

Aka yi dariya har da abokan karawarmu.

"Na gaya muku ni tsoho ne, a yi min magana kamar ana so in fahimta. Kuma yaro ya tsaya gaban sa'an kakansa ko sallama babu? Haka ake yi a ƙasarku?"

Wallahi na ji kamar in yi kuka. Ga mutumin da aka halitta domin gaisuwata, na kai ta inda ba a so, na zo masa hannu wofi.

Na uku ba zan ja shi ba. Wannan alƙalin shi takarda yake so, duk abin da ka faɗa ka nuna inda ka samo. Ni kuma na yi abin da muka saba, na ce masana a ƙasashen Turai sun tabbatar da maganata. A gida wa zai tambaye ka? A can akwai lokacin da abokin karawa yake tsayawa ya yi maka tambayoyi ido da ido. Wani siririn yaro ɗan Senegal ya miƙe cikin ladabi ya ce, "Ɗan'uwa, wane masani? Ko zan ga takardar?" Na ce tana wurin Nura. Nura ya ɗaga kai yana nazarin fankar silin kamar shi ya ƙera ta.

Uku ke nan. Saura ɗaya, kuma sai bayan Juma'a.

A barandar makarantar Nura ya tsayar da ni. Tunda nake da shi ban taɓa jin ya ɗaga murya ba sai ranar.

"Kai wasa ka zo yi. Ka dubi Malam kuwa? Tun jiya shayi kawai yake sha. Mutumin nan da kuɗin aljihunsa yake saya mana alli."

"To laifina ne? Alƙalan garin nan kowa da kiɗansa! Wancan dogon mai biro biyu ma, ko ɗaga kai bai yi ya ga hulata ba, sai ka ce akawun kotu."

Sai muka ji dariya a bayanmu. Dogon ne. Ya ce da Larabci, "Na ga hular. Ta karkace sosai."

Ƙasa ta ƙi tsagewa in shige. Ashe sunansa Ustaz Usman, ɗan ƙasa ne haifaffen Madina, amma kakanninsa Hausawa ne. Yana jin Hausa tas, bakinsa ne kawai ba ya juya ta. Ya ce tunda ya riga ya yi mana alƙalanci ba zai sake yi mana ba, don haka babu laifi mu zo gidansu cin abinci bayan Juma'a, kakarsa za ta ji daɗi.

Juma'ar nan a Masallacin Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, muka yi ta. A nan ba ni da abin ba ku dariya. Na tsaya a gaban kabarin na yi sallama, duk baitocin da na haddace suka gudu, sai hawaye. Malam ya riƙe hannuna kamar ƙaramin yaro har muka fito. Ko da a ce wannan kaɗai na samo a tafiyar, ban san da bakin da zan gode wa Allah ba.

Gidan su Ustaz yana unguwar Harra ta Yamma. Tun daga ƙofa na ji ƙamshin daddawa, na ce wa Nura ko dai motar ta dawo da mu Funtuwa ne. Aka shimfiɗa leda a ƙasa, ga tiren shinkafa da rabin rago a kai, ga kuma tuwo da miyar kuka a gefe. Kakar tana zaune a kan katifa, ƙanƙanuwa, idonta kamar na shaho. Ta ce mahaifinta a ƙafa ya zo, ta Chadi da Sudan, ita a hanya aka haife ta. Ba ta taɓa ganin ƙasar Hausa ba, amma Hausarta irin ta tsofaffin ƙauyenmu ce, har da kalmomin da kakata kaɗai ke faɗa.

"Wanne ne mai bakin?" ta tambaya.

Kowa ya nuna ni, har Malam.

"Matso nan, angona. An ce ka zo daga nesa ka yi ta gaisuwa an hana ka sadaki."

"Hajiya, jikanki ne ya zalunce ni."

"Wannan? Rabu da shi. Tun yana yaro in ka ce masa ina kwana sai ya ce kawo dalili. Ci tuwo, halas, magana ta ƙare."

Jikokinta ƙanana suka kewaye mu. In ta ce musu "kawo ruwa" sai su amsa da Larabci, "tayyib", su ruga. Na ce wa ɗaya ya ce "ƙwarya", ya yi ta fama har ya ƙware, aka kore ni daga koyarwa.

Muna shan shayi na tambayi Ustaz, cikin raha amma da gaske nake, wai wane salo ne daidai a cikin ukun nan.

"Duka," in ji shi. "Ni ina ƙirga hujja. Tsohon nan yana duba ko ka iya shawo kan mutum. Na ukun yana duba ko za a iya amincewa da kai. Mu kanmu in mun haɗu musu muke yi a kan wannan, har a daina gaisawa. Shi ya sa kowa yake faɗin nasa kafin a fara, ya ce akwai tambaya. Ba ado ba ne."

"To na gobe fa, me yake so?"

"Ban sani ba. Ko na sani ba zan faɗa maka ba. Yana da baki, kai kuma an ce kana da kunne."

"Ba a tabbatar ba tukuna," in ji Malam. Maganarsa ta farko ke nan mai kama da wasa tun da aka fara gasar.

Ranar zagayen ƙarshe na riga kowa shiga ɗakin, na zauna kamar sabon ɗalibi. Alƙalin wani lauya ne mai furfura a gemu, ba ya ko murmushi. Mu ne masu goyon bayan hana waya, abokan karawarmu kuma 'yan wata makaranta ce ta nan Madina, Larabci a bakinsu kamar ruwan famfo. Da ya ce akwai tambaya, na ɗaga hannu har Nura ya zabura.

"Ya mai girma alƙali, me kake so ka ji kafin ka ba mutum nasara?"

Ya dube ni. "Sallama ɗaya ta ishe ni. Ba na ƙirga hujjoji. Na san kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, don haka a jawabin ƙarshe a auna min, a nuna min wadda ta fi nauyi. Kuma wanda ya musa abin da kowa ya san gaskiya ne, na daina yarda da sauran maganarsa."

Jawabin ƙarshe nawa ne tun da na fara muhawara. A nan ake tafi, a nan nake cewa abokin karawata mafarki yake yi. Amma awo? Ni ko tumatir aka aike ni saye sai an cuce ni. Mai awo yana zaune kusa da ni yana gyara takardu.

Na raɗa masa, "Nura, mu sauya. Kai za ka rufe."

"Ka tabbata? Kada mu fita ka ce na ƙwace maka."

"Karɓi kafin in dawo hayyacina."

Na yi sallama ɗaya, ɗaya tak, sauran suna cizona a maƙogwaro. Na kawo hujjoji biyu a hankali. Sai babban cikin yaran Madina ya tashi ya ce waya ita ce hanyar da yaro zai nemi iyayensa in wani abu ya faru, ya ba da labarin ƙaninsa da ciwo ya kama a hanyar makaranta. Sannan ya juyo ya tambaye ni, "Ka yarda waya tana iya ceton rai, ko ba ka yarda ba?"

Amsoshi goma suka taso min, kowace ta fi 'yar'uwarta rashin kunya. Na kalli Malam, ya sunkuyar da kai.

"Na yarda," na ce. "Ka yi gaskiya. Allah ya ƙara wa ƙaninka lafiya."

Yaron ya tsaya da baki buɗe, don ya shirya faɗa ne. Ni kuma ji na yi kamar na tuɓe hula a tsakiyar kasuwa. Alƙali ya rubuta wani abu.

Nura ya tashi rufewa, da muryar nan tasa kamar mai karanta wasiƙa. Ya ce ba mu musa ba, ranar tsautsayi waya tana da amfani, amma wannan buƙatar wayar ofishin makaranta da ta malamai za su iya biyan ta. Hankalin yaro kuwa da waya ke sacewa a aji, kullum ne, kuma babu wayar wani da za ta dawo masa da shi. Matsala ɗaya tana da wata mafita, ɗayar ba ta da ita. Ya ce wassalamu alaikum, ya zauna, da sauran lokacinsa a ajiye. Ni da na ga ana barin lokaci haka saura kaɗan in tashi in cinye sauran.

Alƙalin ya daɗe yana duba takardarsa. Ya ce yaran Madina sun fi mu Larabci nesa ba kusa ba, kuma sun fi mu tsari. Na ce a raina, siminti ya shiga. Sai ya ce amma ɓangare ɗaya ne kawai ya yi masa awon da ya nema, don haka da ƙyar, ya ba masu goyon baya.

Sai da Nura ya taka min ƙafa na tuna mu ne masu goyon baya.

Malam bai rungume mu ba, kun san shi. Cewa ya yi mu tafi, yunwa yake ji. A wurin Baba Adamu ya cinye kwanon wake, ya ce a ƙaro, ya cinye, ya jawo nawa. Baba Adamu yana ta "Masha Allah, ya Shehu, a hankali!" Da za mu taso ya ƙulla min yajinsa a leda, Hajiya kakar Ustaz kuma ta aiko shi da dabino, ta ce a kai wa kishiyoyinta na Funtuwa. Mutanen nan ba su haɗa komai da mu ba sai harshe, shi ma rabi, amma sun riƙe mu kamar 'ya'yan cikinsu. Allah ya saka musu da alheri.

Ga masu tambayar kofi: yaran Indunisiya ne suka tafi da shi. Mu mun ci ɗaya, an cinye mu uku, sunanmu yana can ƙasan allo, makarantu biyu kawai muka fi. Firinsifal ya ce alkawari alkawari ne, ba za a rufe kulob ba, sai dai ya riga ya sayo simintin kafin mu dawo, don haka an jera shi a rabin ɗakin. Muna haɗuwa ran Laraba bayan La'asar. Wanda bai sami benci ba, a kan buhu yake zama.